Giga Takwas ɗin Habou Mai Bidiyo

In ka shiga Titirou a Parakou ka ce Habou kake nema, sai an tambaye ka wane Haboun, don sun fi biyar a unguwar. Amma ka ce mai bidiyo, to ko ɗan zem, mai babur ɗin haya, da ya fara ɗaukar fasinja jiya zai sauke ka a ƙofar butik ɗinsa, shagon da yake aiki. Shekara ashirin da 'yan kai yana ɗaukar biki da suna da walimar alhazai tsakanin Parakou da Djougou, kuma har yau ba a samu matar da ta ce ta je bikin da Habou ya ɗauka ba ta ga fuskarta a ciki ba. Baƙo sai ya zaci ƙaramin yabo ne wannan. Ina! A gidajen 'yan kasuwar zango fim ɗin biki shaida ne. Ranar da aka kawo shi mata ke cika falo, a kalle shi daga farko har ƙarshe ko da awa shida ne, a ga wadda ta zo da wadda ba ta zo ba, da wadda ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa kamar ba danginta ba. Wani mai ɗauka ya taɓa yanke fuskar wata inna don ta zauna inda haske bai kai ba, gida biyu suka yi shekara uku ba sa ga-maciji da juna. Shi ya sa Habou ba ya yanke kowa.

A Djougou aka haife shi, a gidan Alhaji Idrisu mai goro, cikin zuriyar fataken nan da suka biyo hanyar Gwanja tun zamanin jakuna suka yada zango, zangon ya zama gida. Uwarsa ta rasu yana ɗan shekara huɗu. Ƙanwar ubansa, Gwaggo Hajo, ta zo zaman makoki, ranar bakwai ta gyara ɗaurin zanenta, ta kama hannun yaron ta yi gaba da shi. Ba ta nemi izinin kowa ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin tambayarta. A ɗakinta ya girma tare da 'yarta Zali, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Gwaggo dillaliyar atamfa ce, gida-gida take bi da ƙullinta a ka, ga baki kamar reza, ga hannu a buɗe. Amma abin da aka fi saninta da shi ƙafa ce. Mutane na cewa zumunci a ƙafa yake, su faɗa su koma su zauna, ita kuwa tashi take yi. Ba biki, ba suna, ba rasuwa da za a yi a dangi ko a maƙwabta a rasa Hajo. An taɓa ganinta cikin damina a hanyar Sérou, jan laka har gwiwa, takalmi a hannu, za ta sunan jikar wata mata da suka haɗu sau ɗaya tak a asibiti.

Da ya yi wayo, kwana a gidan Gwaggo, yini a rumfar ubansa a kasuwa, yana yayyafa wa goro ruwa yana sauya ganye. Alhaji Idrisu ba mai yawan magana ba ne. Karatu ɗaya gare shi, shi yake maimaitawa: "Ka sari abin da kasuwar yau za ta ɗauka. In ya ƙare ka ƙaro. Wanda ya tara goro don gobe, sankara yake kiwo." A harkar goro kuwa gaskiya ce tsagwaronta, don goro ba ya jiran mai shi, ko ya bushe ko tsutsa ta shige shi. Habou bai gaji goron ba. Yana da sha bakwai ya gudo Parakou ya shiga koyon aiki wajen wani mai hoto. Uban ya yi fushi wata shida, sai da Gwaggo ta je ta zauna masa a zaure ta ce ba ta tashi, sannan ya haƙura. Goron dai ya bari a Djougou, amma karatun ya taho da shi. Ya yi zamanin kaset, ya yi na sidi, ya shigo na kile, ɗan abin nan da ake soka wa tele a baya, kuma a kowane mataki sai aiki ya shaƙe masa wuya kafin ya sayi abin da ake bukata, daidai da bukatar, ba ƙari. Ba rowa ba ce, kada a yi masa sharri. Tukunyar gidansa ba ta san adadin masu ci ba. Kayan aiki ne kawai yake saye kamar yana sarin goro.

Bara, wata biyu kafin bikin Zoulaïha, Gwaggo ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye. Zoulaïha jikarta ce, ita ta raine ta tun daga yaye, ita ta tara mata kayan ɗaki kwano-kwano. Da an bi son ranta, da a ƙofar gidanta za a kafa rumfa. Amma ba a kiɗa a kan mara lafiya, ga uban yarinya da gidan ango duk a Parakou suke, sai aka mai da bikin can. Abin tausayi, mace ta yi shekara hamsin tana zuwa wa mutane, nata ya zo ba ta iya ɗaga ƙafa.

Saura kwana goma Habou ya je duba ta. Ya same ta a kwance, Zali na ba ta kunu da cokali. Bakin ya ɗan karkace, amma harshen yana nan yadda ya san shi.

"Ga mai ɗaukar mutane," in ji ta. "Matso kusa, ba cizo nake ba. Haƙoran ma sun tafi."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki.

"Jiki ga shi kana gani. Bar wannan. Yaran nan sun ce za su riƙa turo mini bikin a waya. Ni an ce musu ana kallon biki a tafin hannu? Mutum kamar ƙuda, ba ka san Hindou ba ce ko Adawiyya. Kai nake so ka ɗauko mini shi, ka kawo ka sa a tele, tun daga kamu har a kai ta ɗakinta. Ban taɓa ce wa kowa ya zo mini don na je masa ba. Amma ina so in ga da idona wa zai taka ƙafa don Hajo ranar da Hajo ta kasa takawa. Ko akuya ce ta gifta kada ka yanke."

"Kwana uku bayan an kai amarya yana gabanki, Gwaggo, in Allah ya yarda."

"Uku ka ce."

"Uku."

Zali ta rako shi zaure. Taubashiyarsa ce, tun suna yara ba ta iya yi masa magana ba tsokana, amma ran nan sai da ta waiga bayanta kafin ta ce, "Lokotoron asibiti ya ce a dawo da ita gida a yi ta addu'a. Ka gane ai." Ya ce ya gane. A mota har Parakou zuciyarsa ta yi nauyi, don duk duniya ba wanda yake jin kunyar saɓa wa kamar matar nan.

To a daidai makon nan ne tsohuwar kwamfutarsa ta ce ga garinku nan. Shekara goma tana aiki, ba a ce ta yi gaggawa ba. Ga kuma sabuwar kamara da ya saya da ƙaramar sallah, don amaren yanzu sun fara cewa hotonsa ba ya fitar da kwalliya. Sai ya nufi wajen Bachir, wani saurayi mutumin Gaya da ke da shago a bayan kasuwar Arzeke. Shi Bachir ba ya sayar da kwamfuta a haɗe, gaɓa-gaɓa yake harhaɗa wa mutum daidai da aikinsa. Suka daidaita a kan akwati, da babban allon da komai ke hawa kansa, da disk, ba gardama. Sai Bachir ya ɗauko wani siririn abu kore, bai kai ɗani ba, ya riƙe shi ta gefe-gefe.

"Saura ram, Tonton," in ji shi, don haka samarin garin ke kiran kawu. "Ga ta nan. Baret muke ce mata, da giga ake auna ta. Ga mai takwas, ga mai sha shida. Kai aikinka montaj ne, haɗa fim, ni shawarata mai sha shida guda biyu, talatin da biyu ke nan. In an matsa, sha shida."

"Me take yi?"

Bachir ya san ɗan gidan goro ne a gabansa, sai ya ga bari ya yi dabara. "Ka ga disk, shi ne sito, nan kaya ke kwana. Ita ram tabarmar da ake baza goro ce a zaɓe shi. In tabarmar ƙarama ce sai ka yi ta shiga sito kana fitowa da kaɗan-kaɗan, rana ta faɗi ba ka gama huhu ɗaya ba."

Wayyo Bachir, da ya sani da doya ya kawo misali da ita. Jin an ambaci goro, sai Alhaji Idrisu da ya yi shekara sha biyu a ƙasa ya farka a ƙirjin ɗansa. Habou ya gyara zama.

"Yaro, goro za ka koya mini? Tsohuwar tawa nawa ke cikinta?"

"Huɗu."

"Da huɗun nan na aurar da rabin zango. Na ninka. Sa takwas."

"Tonton, kamarar ba ɗaya ba ce. Minti guda na sabuwar ya fi minti goma na tsohuwar nauyi."

"Gurbi nawa ne a allon nan?"

"Biyu."

"To cika ɗaya ka bar ɗaya. In aiki ya nema sai a ƙaro."

"Wannan sabon samfuri ne, ba kullum ake samunsa a Parakou ba. Masu sha shidan biyun nan kaɗai suka rage mini, wallahi."

Habou ya yi dariya. "Ni ma na sha gaya wa mutane goro ya kusa yankewa, alhali sito a cike yake. Sa takwas."

Kada wani ya ce rashi ne, kuɗin na aljihunsa. Abu biyu ne suka haɗu, karatun uba, da kuma girman kan gwani da ya ga ɗan cikinsa na neman koya masa sana'a. Bachir ya ɗaga kafaɗa, ya danna baret ɗin a gurbinta ta yi ƙas, ya kunna. Kwamfuta ta tashi fes, tana buɗe komai kafin ƙiftawar ido. Habou ya ce, "Ka gani ko?" Bachir ya ce, "Allah ya sa albarka, Tonton."

Bikin kuwa sai wanda ya gani. Mutane suka zo kamar an yi shela. Bas biyu daga Djougou cike da mata, wasu daga Kandi, wasu daga Malanville, tsofaffin Sérou su uku a kan babur biyu, fuska duk jar ƙasa. An dafa wasa-wasa da shinkafa har tukwanen gida suka kasa, aka aro na maƙwabta. Da labari ya zaga cewa fim ɗin nan Hajo za a kai wa, sai mata suka daina yi wa kamara yanga, suka koma yi mata magana. Wannan ta matso ta ce, "Hajo, ga ni, kin gan ni ko?" Waccan ta ɗaga jariri ta ce, "Wanda kika zo sunansa cikin ruwa, shi ya haifi wannan." Aka jawo wata tsohuwa makauniya da sanda, ta lalubi hannun Habou ta ce a juya ta inda abin yake kallo, ta tsaya ta yi wa Hajo addu'a mai tsawo, ta rufe da cewa ta tashi ta bar ragwanci. Ranar kai amarya Zoulaïha ta yaye lulluɓi ta dubi kamara, ta buɗe baki, kuka ya hana ta, sai ta ɗaga hannu mai lalle kawai. Habou na ɗauka idonsa na ruwa. Awa goma sha ɗaya ya tara cikin kwana uku, kuma ya san a ransa bai taɓa ɗaukar abin da ya kai wannan ba. Ya ƙudura zai haɗa shi yadda Gwaggo za ta san ba a banza ta raine shi ba. A jera komai bi da bi, a daidaita haske, a gyara inda hannu ya yi rawa, a rubuta sunan kowane ayari da garin da ya fito, sunanta ita kuma da manyan baƙaƙe a farko.

An kai amarya Lahadi. Litinin da safe ya zuba hotunan a kwamfuta, ya jawo awa goma sha ɗayan nan ya shimfiɗa su a manhajar montaj. Nan take na'ura ta koma tafiyar hawainiya. Ya taɓa nan, sai ya jira. Hoto ya tsaya cak da bakin mace a buɗe, murya ta wuce ta bar shi. Kafin azahar manhajar ta rufe kanta da kanta, aikin awa uku ya bi ruwa. Ya ɗora wa wutar lantarki laifi. Talata ya ce zafi ne, ya ɗauko fankar ɗakin matarsa ya kafa mata. Ya rarraba aikin gunduwa-gunduwa, ya yi ta lallaɓawa har ya kai ƙarshe a daddafe, ya ba ta umarnin ta fitar da fim ɗin. Ta ja, ta ja, ta wuce rabi, ta mutu. Ya sake, ta sake. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, amma Habou bai yarda ya dubi hakin ba tukuna.

Laraba, ranar alkawari, Zali ta kira. "Mai gidan sinima, ina kayanmu? Tun safe aka sa ni sharar ɗaki kamar alhaji zai sauka." Ya ce ƙaramar matsala ce, gobe ko jibi. Ta ce, "Daman ku 'yan Parakou baki gare ku," ta yi dariya ta kashe.

Sai Alhamis ya haɗiye girman kai ya koma wajen Bachir. Yaron kirki, bai ce ai na faɗa maka ba. Ya dai buɗe durowa ya nuna masa wurin da babu komai, wani mai zanen gidaje ya kwashe biyun tun makon jiya. Suka hau babur ɗin Bachir suka bi shago-shago, Parakou kaf. Baret kam akwai, tuli, amma duk tsohon samfuri, tsagar da ke ƙasansu ba ta dace da gurbin allon ba, ko da guduma ba za su shiga ba. Aka yi waya Kwatano. Habou ya ce a turo masu sha shida guda biyu, ko nawa ne. Asabar ya je tasha ya karɓi ɗan ƙunshi daga hannun direban bas, ya buɗe a gaban Bachir, sai ga 'yan gajeru, na ƙaramar kwamfutar nan da ake sawa a jaka. Wanda aka aika ya riƙe yawan giga ya mance samfuri. Lahadi kuma shagunan can a rufe suke.

Ran Lahadin Zali ta sake kira, ba tsokana. "Ta daina cin abinci, sai ruwa. Ga ta, tana son magana da kai." Ya ji motsin waya, ya ji numfashi, sannan muryar da ta raine shi, ta zama siririya kamar zare.

"Habou."

"Na'am, Gwaggo."

"Uku ka ce."

"Na kusa, Gwaggo. Wallahi na kusa. Mutane sun zo miki, kin ga har..."

"Kada ka gaya mini. Na ce gani zan yi."

Kunya ta kama shi irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro. Ya zauna a gaban na'urar da ba ta da laifin komai, ya rasa wanda zai zaga sai kansa.

Talata da hantsi saƙon gaskiya ya iso. Bachir ya rufe shagonsa ya zo da kansa, ya zare mai takwas ɗin, ya danna biyun. Aikin da ya gagara kwana takwas sai ga shi yana tafiya sumul, ba ko tuntuɓe. Wannan ma wani ciwon ne, ganin yadda abin yake da sauƙi. Habou ya ƙarasa rubutun sunaye, ya duba ayari-ayari kada a tsallake kowa. Laraba da hantsi fim ya fito cif. Ya zuba a kile, ya sa a aljihun gaba, ya hau zem zuwa tashar Djougou. Yana zaune a taksi ana jiran mutum ɗaya a cika, wayarsa ta yi ƙara. Da ya ga sunan mijin Zali ne ba nata ba, ya san abin da za a ce masa.

Ya samu sallar jana'izar Gwaggo, bayan la'asar aka yi. Da hannunsa ya karɓe ta a bakin kabari, kilen na aljihunsa.

Ranar uku, bayan an yi addu'a maza sun watse, Zali ta aiko a kira shi ciki. Ɗakin Gwaggo ne. An naɗe katifa, amma gadon ba ya inda ya san shi, yana tsakiyar ɗaki a karkace, yana fuskantar tele.

"Ita ta sa aka juya shi tun waccan Larabar," in ji Zali. "Kullum da safe sai na goge gilashin. In ta ji tsayuwar babur a ƙofa sai ta ce in leƙa."

Ya fito da kilen ya miƙa mata. Sai ya kama bayani, na ram, da giga, da tsagar da ba ta dace ba, da Kwatano. Zali ba ta san ko ɗaya a cikinsu ba, ta dai bar shi ya gama, tana juya kilen a hannunta.

"Ni ban gane waɗannan ba," ta ce. "Abu ɗaya zan tambaye ka, don tun jiya yake cina. Abin da ka ɗauka ɗin, a cikin kamara yake ai. In an kawo kamarar nan aka jona ta da tele, haka nan ba gyara, ba ya fitowa?"

A nan ne mutum zai so a ce tunanin bai taɓa zo masa ba. Ya zo. Ranar Alhamis ɗin da suka dawo daga yawon shaguna ya zo masa, yana kallon jakar kamara a rataye, wayar jonawa na cikin aljihunta. Sai ya hango hoto na rawa, ya hango inda ya ɗauki ƙasa da ƙafafun mutane yana sauri, ya hango mata cike da ɗakin Gwaggo ana cewa wannan ne aikin Habou? Shekara ashirin ba wanda ya taɓa ganin ɗanyen aikinsa, ko matarsa. Ya ce wa kansa Asabar ai kamar gobe ce. Da Asabar ta ƙi, ya ce Talata.

Zai iya cewa ba ya fitowa, ba mai ƙaryata shi a gidan nan.

"Yana fitowa," ya ce.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kai amarya."

Zali ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Idonta ɗaya ma ya daina gani sosai, Habou," ta ce a hankali. "Ko a juye ka kawo shi da ta kalla. Mutane take son gani."

Habou, da shekararsa arba'in da bakwai, ya zauna a bakin gadon ƙarfen nan, ya rufe fuska da hularsa, ya yi kukan da bai yi a maƙabarta ba. Zali ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma fita ba. Sai da aka yi sallama a tsakar gida, wasu mata sun iso gaisuwa, sannan ta ƙulle kilen a bakin zanenta, ta tashi ta je ta shimfiɗa musu tabarma.